Sai Bubu Ta Yarda

Majuro, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Jelton,

Iakwe. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya jikin Baba? Kumburin ƙafar ya sace, ko har yanzu kai ne sandarsa? Ka gaishe shi da kyau, ka ce surukarsa tana sa shi a addu'a. Yaya shanyar kwakwa? Na san zuwa yanzu ka yi baƙi ka rame, tunda babu mai tsaya maka a ka sai ka ci abinci. Mu nan muna nan, sai kewarka.

Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon in kira ka ta oba-oba. Ka san halin oba-obar nan, kai kake magana amma tsibirai goma ne suka kasa kunne. Kafin in ajiye abin maganar, matan tsibirinku na Ebon sun gama raba labarin a bakin rijiya. Shi ya sa na ba Fasto wannan, tunda ya samu wuri a kwalekwalen kaya, jirgin sama kuwa har yau yana kwance ana jiran wani ƙarfe.

Maganar 'yarmu Neiran ce. Kada hankalinka ya tashi, ka karanta har ƙarshe. Bayan tafiyarka ta hau tankin ruwan sama don ta ciro ƙwallon yaran yayarka Betra, santsi ya kwashe ta, ta faɗo ta bugu da kai. Ta yi kuka, ta tashi, har ta cinye shinkafarta ta nemi ƙari. Kakarta Bubu, wato Mama, ta shafa mata man kwakwa, muka ce an wuce wurin. To ba a wuce ba. Tun makon jiya take tashi da ciwon kai, wani lokaci har da amai da safe. Yarinyar da muke roƙo ta yi shiru, yanzu mu ke roƙonta ta yi magana. Malamarsu ta aiko cewa barci take yi a aji.

Na kai ta asibiti. Mun samu wani sabon likita, Kalemen, ɗan ƙasa ne da ya yi karatu a Fiji, siriri kamar bai taɓa cin abincin kirki ba, amma yana da haƙuri. Ya haska idonta, ya sa ta tafiya a kan layi, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce yana zaton jini ne yake taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma ba zai tabbatar ba sai an saka ta cikin na'urar nan mai kama da zobe a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce kada a ja lokaci.

Na dawo gida na gaya wa Bubu. Tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta tambaye ni da me na'urar take gani cikin kan mutum. Ni kuma da bakina na ce da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. Sai ta ajiye kwakwar, ta gyara ƙyallen nan da take ɗaurewa a wuya, ta ce, "Guba ke nan. Ba za a saka mini yarinya a guba ba."

Ka san yadda abin yake, Jelton. Ni na haifi Neiran, amma tun ranar kememinta, bikin cikarta shekara ɗaya, da muka yanka aladu, muka tara dangi, ni da kai muka ɗauke ta muka ɗora a cinyar mahaifiyata a gaban kowa. Tun daga ranar 'yar Bubu ce. A tabarmarta take kwana, a kwanonta take ci. Likita ya ce sa hannuna kaɗai ya isa. A asibiti ya isa, amma ba a gidan nan ba.

Zan bar ta ta huce, gobe in sake gwadawa. Ka san Mama, idan aka bi ta a hankali wani lokaci takan sauko. Ka yi mana addu'a. Neiran ta ce in gaya maka kada ka manta da kifin da ka yi alkawarin busar mata.

Taka har kullum,
Almina


Majuro, ranar Asabar

Baban Neiran,

Iakwe. Ina gaishe ka, ina gaida Baba da duk mutanen gida. Ina fata kuna lafiya. Ban san ko ta farko ta iso ba, amma wani jirgin masunta zai bi ta wajenku, kuma idan ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Na yi wauta. Na ce a raina idan Bubu ta ga na'urar da idonta, ta ga ɗaki mai tsabta da sanyi, tsoron zai ragu. Na lallaɓa ta muka shiga tasi mu uku. Wata nas mai fara'a ta kai mu har ƙofar ɗakin, ana cikin yi wa wani dattijo. Bubu ta tsaya tana kallo ta gilashi. Ta ga saurayin da ke aikin ya kwantar da dattijon, ya fito, ya ja wata ƙofa mai nauyi ya rufe, ya koma bayan bango ya zauna. Sai ta juyo ta ce wa nas ɗin, "'Yata, shi wancan me ya kore shi? Ya bar tsoho a ciki ya gudu?"

Nas ta yi dariya ta ce, "Haba Bubu, ba komai fa. Ko kaɗan ba ya cutarwa." Ni ma da azarɓaɓina na karɓe, na ce, "Kin ji ko, Mama? Ba komai."

Jelton, ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata haka ba. Ta kama hannun Neiran ta juya, ba sallama. Ba ta yarda ta shiga tasi ba, da ƙafa ta nufi gida cikin rana, ni ina biye ina goye da yarinya 'yar shekara tara.

Da muka isa ta zaunar da ni a bayan ɗakin girki. Duk abin da na sani game da shekarar hamsin da huɗu, da sojojin Turawa suka gwada babban bam ɗinsu a tekunmu, a bakin wasu na ji shi, ita ba ta taɓa buɗe baki ba. Ranar nan ta buɗe. Ta ce tana ƙarama, ba ta kai Neiran ba, suka wayi gari rana ta fito ta yamma, ƙasa ta girgiza. Da rana ta take sai farar toka ta fara zubowa daga sama. Su yara suka yi ta murna, suna tara ta a hannu, suna shafa wa juna a ka, har da masu lasa. Daga baya fata ta sale, gashi ya zube. Aka kwashe su a jirgin soja. Ta ce masu fararen riguna sukan jera su a bakin ruwa, su kara musu wani akwati mai ƙas-ƙas a jiki, su dafa musu kai, su juya su kamar kifi a kasuwa. Ka san mu da kai, ko ɗan'uwanka ba ya taɓa maka shi sai da dalili. Su kuwa ba tambaya, ba bayani.

Ta ce, "Abin da tafinta yake gaya mana kullum shi ne ba komai. Da za su mayar da mu tsibirinmu, ba komai. Mu ci kaguwa, mu sha kwakwa? Da farko ba komai. Da ƙullutu ya fito mini a wuya aka kai ni ƙasarsu aka yanka, ba komai. Yayyenki biyu da na binne kafin ke, waɗanda ungozoma ta hana ni gani, su ma ba komai ne. Yau kuma 'yar cikina ta dube ni ta ce ba komai."

Na rasa inda zan sa kaina. Ban san ina da yayye ba, Jelton. Kai ka sani?

Akwai wani abin kuma da ya fi cin ranta. Ta ce a tsibirin da aka fara ajiye su, mutanen wurin ba sa cin abinci tare da su. Kwanonsu daban, kofinsu daban. Idan ta sha kwakwa ta miƙa wa wata yarinya, sai uwar ta fizge ta jefar. Har ta yi girma ana nuna ta ana cewa ga mai guba, kuma dangin Babana sun yi ta hana shi aurenta. Ta ce ba za ta rayu ta ga an ware wa Neiran kwano ba.

Na so in ce mata zamani ya wuce wannan, sai ga yayarka ta ƙaryata ni tun kafin in yi magana. Betra ta ji labari, ban san a bakin wa ba. Jiya ta zo har ƙofar gida tana cewa, wai ita ba don komai ba, amma idan aka saka yarinyar a na'urar sai a bari kwana biyu kafin ta yi wasa da nata, kafin abin ya fita daga jikinta. Ƙwallon 'ya'yanta fa aka je cirowa! Na gaya mata maganar da ba zan rubuta ba, don kada ka ce na raina maka 'yar'uwa. Bubu tana ciki tana jin komai.

Ina jin haushin Mama, ina kuma jin tausayinta har cikin ƙashina, ban san wanda ya fi yawa ba. Amma Neiran tana ƙara lalacewa. Yau kofi ya suɓuce daga hannunta na hagu sau biyu, kuma tana jan ƙafa. Na yanke shawara. Ranar Litinin zan ɗauke ta in kai ta, in sa hannu, ko da Mama za ta daina yi mini magana har abada. Abin da ke tsorata ni shi ne yarinyar kanta. Ta ji duk abin da aka faɗa, ta ce ba za ta shiga ba sai Bubu ta ce ta shiga. Likita kuwa ya ce dole ta kwanta shiru ba motsi, kuma ba ya son ba ta maganin barci a halin da kanta yake ciki.

Da kana nan da ka san yadda za ka yi da su, kai da kake sa Mama dariya ko tana fushi. Idan jirgin ruwa ya biyo, ka shigo ko a kan buhunan kwakwa ne.

Matarka da ke cikin damuwa,
Almina


Majuro, ranar Talata

Jelton nawa,

Iakwe. Gaisuwa gare ka da Baba, da fatan Ubangiji yana riƙe da ku. A gurguje nake rubutu a kan gwiwata a barandar asibiti, ka yi haƙuri da karkacewar layin.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, muna zaune a inuwa, sai ga Likita Kalemen a ƙofar gida. Ba farar riga, ba jaka. Kifi ne a hannunsa, manya guda biyu a sarƙe da igiya, irin yadda ake zuwa wurin manya da roƙo. Na miƙa masa kujera ya ƙi. Ya sunkuya ya wuce ta gefen Bubu, ya zauna a kan tsakuwa can ƙasa da tabarmarta. Ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Suka yi ta lissafin dangi har aka gano kakarsa ta taɓa zama maƙwabciyar goggona. Ta ce, "To ai ga dalilin wannan dogon wuyan. Duk gidanku haka kuke, kamar zalɓe." Ya yi dariya.

Sai ya ce ya zo neman izini ne, domin an gaya masa yarinyar tata ce. Ta ce ta riga ta ji, ba komai ne, ya tashi ya tafi da kifinsa. Ya ce, "A'a Bubu, da komai. Wanda ya ce miki ba komai bai kyauta ba."

Na ji kamar in toshe masa baki. Na ce a raina shi ke nan, ya rusa ɗan abin da ya rage. Bubu kuwa sai ta ajiye tabarmar da take saƙa, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

Ya ce hasken na'urar dangin wancan ne da ya zubo musu, ba zai ɓoye mata ba. Bambancin shi ne yawa, da kuma cewa wannan wucewa yake yi, ba ya zama a jiki, ba ya bin gumi ko yawu ya shiga wani. Nasu toka ce da suka sha suka ci, ta kwana a jikinsu. Ya ce duk da haka kaɗan ɗin ma ba banza ba ne, musamman ga yaro, domin jikinsa yana kan girma. Cikin dubban yara da aka yi wa hoton nan, ana tsammanin za a iya samun ɗaya da zai kamu da ciwon daji can gaba saboda shi, kuma babu wanda ya isa ya rantse mata cewa ba Neiran ba ce. Shi ya sa ba ya aika kowane yaro da ya faɗi. Yara da yawa ya mayar gida ba hoto, iyayensu suna jin haushinsa.

Ta tambaye shi me ya sa saurayin yake gudu bayan bango. Ya ce don shi kullum yana ɗakin, safe da yamma, shekara da shekaru, abin da ke kaɗan ga mai zuwa sau ɗaya yana taruwa ga mai zama. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "In kuma na ce a'a?" Ya ce idan zatonsa daidai ne, jinin zai ci gaba da danne ƙwaƙwalwar, wata safiya za mu tashe ta ta ƙi tashi. Ba zai iya cewa yaushe ba, amma ba da nisa ba. Ya ce, "Haɗari biyu ne a gabanmu, Bubu, ɗaya ƙarami ne yana nesa, ɗaya babba ne yana bakin ƙofa. Da 'yata ce da na saka ta. Amma ba tawa ba ce, taki ce."

Mama ta daɗe tana kallon Neiran da ke kwance a cinyarta. Sai ta ce, ba da shi take ba, ba kuma da ni ba, "Tun ina ƙarama ake ɗibar jinina, ake latsa wuyana. Kowace shekara suna zuwa. Ba wanda ya taɓa zama a ƙasa ya tambaye ni." Ta share ido da bakin zanenta, ta ce masa ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Ita za ta shiga da yarinyar ta tsaya har a gama, kuma sau ɗaya za a yi, ba a mayar da ita abin gwaji ba. Ya ce na farko ya ɗauka. Na biyu kuwa ba zai yi alkawarin da ba shi da iko a kai ba, sai dai duk ranar da wani ya ce a sake, tana da damar ta tambaye shi dalili, kuma dole ya ba ta amsa. Ta ce, "Kai dai ba ka iya lallashi ba." Ta sa na gasa kifin, ta hana shi tafiya sai da ya ci.

Jiya da safe muka je. Aka kawo wa Mama rigar dalma mai nauyi mai tare hasken, ta ce ita da aka riga aka jiƙa, me riga za ta tsare mata? Saurayin ya ce idan ba ta sa ba shi za a kora daga aiki, sai ta sa tana mita. Rigar tana da wani abin wuya, dole sai ta kwance ƙyallenta. Ka san ko a gida ba ta kwance shi a gaban mutane. Ta kwance, ta miƙo mini, tabon ya fito fili daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin saurayin ya gyara wa Neiran kwanciya sai da ya ce, "Bubu, zan taɓa kanta." Ina jin likitan ne ya koya masa. Ta ce ya taɓa.

Ni ta gilashi na kalla. Mama tana tsaye ta riƙe ƙafafun yarinyar, bakinta yana motsi, waƙar coci take yi mata. Kafin in gama addu'ar da na fara har an gama.

Muna fitowa sai ga Betra a baranda da 'ya'yanta, ta kawo shinkafa da kaza, Allah ya saka mata. Amma na lura ta zuba wa Neiran a wani kwano daban ta tura shi can gefe, ta kuma riƙe ƙaramin nata a jikinta. Na buɗe baki ke nan Mama ta taka mini ƙafa. Ta sayi ɗanyar kwakwa a wurin mai talla, ta ba Neiran ta sha, ta karɓa ta kafa baki daidai inda yarinyar ta sha. Sannan ta miƙa wa Betra, ta tsaya da hannu a miƙe. Mutanen baranda duk suka zuba ido. Yayarka ta yi tsuru-tsuru, ta dubi kwakwar, ta dubi wuyan Mama da har lokacin yake buɗe. Ta karɓa ta sha, ta ba yaranta ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na gan ta ta juye kwanon nan cikin babban, tana kuka tana cewa hayaƙin gashi ne ya shiga mata ido, alhali babu mai gashi a wurin.

Zaton likita ya tabbata. Jini ne, a gefen dama, ya nuna mana shi a hoton kamar jinjirin wata. Ya ce sai an huda ƙoƙon an zuƙe, kuma a Honolulu, can ƙasar Turawan, za a yi. An sa mu a jirgin gobe. Mutum ɗaya aka yarda ya raka ta, amma dangi sun haɗa hannu an samo wa na biyu kujera. Mama da ta rantse ba za ta sake taka ƙasar mutanen nan ba tun da aka yanka ta, ita ta riga ni haɗa kaya.

Na bar maka mabuɗi wurin Betra. Ka ci gaba da addu'a, ina jin tsoro ƙwarai.

Taka,
Almina


Honolulu, ranar Alhamis

Zuwa ga maigidana, Baban Neiran,

Iakwe, da gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa. Na ji a bakin Betra ta waya cewa ka iso Majuro a kan buhunan kwakwa kamar yadda na ce, ka tarar da gida a rufe, ka zauna a bakin tanki ka karanta takarduna uku a jere domin tare suka iso hannunka. Ta ce ka so ka fasa tankin da gatari. Ka bar shi, ruwansa muke sha. Yaya ka baro Baba? Wata mata daga cocinmu za ta dawo gida jibi, ita za ta kawo maka wannan.

Ka kwantar da hankalinka, 'yarka ta tashi. An yi aikin, an zuƙe jinin. Da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne wa ya aske mata kai, ta kuma ce sai an biya ta gashinta. Hannun hagun ya dawo, jiya da shi ta riƙe cokali. Surutu kuwa ya dawo har da riba, nas-nas ɗin nan sun san sunan duk karnukan unguwarmu.

Bari in ba ka labarin surukarka. Kwana kaɗan bayan aikin wani likita ya shigo da ayarinsa, ya ce za a sake ɗaukar hoton kan kafin a sallame mu. Ni har na miƙe zan naɗe bargo. Mama ta ce wa tafinta, wata yarinya 'yar tsibirin Jaluit, "Tambaye shi, dole ne, ko dai al'ada ce?" Yarinyar ta ji nauyi, Mama ta ce ta faɗa yadda ta faɗa. Likitan ya tsaya, ya dubi takardunsa, ya dubi Neiran da ke tsalle a kan gado. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce tambaya ce mai kyau, yawanci suna yi ne don su tabbatar, amma tunda yarinyar ta warware haka za a iya jira a sa mata ido, idan ciwon kan ya dawo sai a yi, ko a yi da wata na'urar ta maganaɗisu wadda ba ta da wannan hasken. Mama ta ce to a jira. Da suka fita ta dube ni ta ce, "Ashe suna da baki." Na yi dariya har nas ta leƙo.

Ba zan ce maka tsoron ya fita daga raina duka ba. Wani lokaci ina kallon Neiran sai maganar ɗaya cikin dubban nan ta faɗo mini. Na gaya wa Mama, ta ce ita ma tana tunawa, kuma za ta riƙa tunawa har ta mutu, amma wannan nauyin da idonta a buɗe ta ɗauka, ba ɗora mata aka yi tana barci ba.

Yau da safe aka cire bandejin. Ɗinkin yana sama da kunnen Neiran, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta karɓi madubina ta duba, ta ɓata fuska, ta ce yara za su yi mata dariya a makaranta, a nemo mata ƙyalle irin na Bubu ta rufe. Mama tana zaune a bakin gado. Tun ranar hoton nan ba ta sake ɗaura nata ba, yana cikin jakata, ba ta tambaya ba ni kuma ban tuna mata ba. Ta jawo yarinyar ta haɗa kansu a madubi, tabo kusa da tabo. Neiran ta sa yatsa ta bi na wuyan a hankali, ta ce na Bubu ya fi nata tsawo, ta tambaya wanne ya fi kyau.

Mama ta ce, "Naki mana. Naki sai da aka zo har gida aka tambaya."

Ba a sake maganar ƙyalle ba. An ce mako mai zuwa za mu taso idan komai ya tafi daidai. Ka share gidan, ka nemi Likita Kalemen ka kai masa kifi mafi girma da ka samu, Mama ta ce a gaya masa ya ci ya yi ƙiba. Neiran tana gaishe ka, ta ce busasshen kifinta yana nan ko ka cinye a jirgi?

Sai mun iso. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Almina